Kwalin Rifkatu da Naman Layya

Shekara tara ke nan cif da rasuwar Rifkatu. Duk shekara idan watan ya kama sai in ce bana kam zan rubuta wani abu a kanta, sai watan ya fita ban rubuta ko harafi ba. Bana ma ba ƙarfin halina ne ya zaunar da ni ba, 'yarta ce. Don haka wanda ya buɗe wannan shafi yana jiran yabon mamaci irin wanda aka saba, ya yi haƙuri da ni. Yabon yana nan, ta kuma cancance shi. Amma abin da ya kawo ni shi ne in faɗi abin da na yi mata, wanda ta bar duniya ba ta sani ba.

Sunana Bilkisu, tsohuwar malamar firamare ce ni, ina zaune a unguwar Federal Low-Cost tun kafin itatuwan layinmu su yi inuwa. Waɗanda suka san ni sun san ba a taka ni in yi shiru, kuma shekara talatin na yi ina yi wa 'ya'yan mutane tsawa a kan ƙarya. Rifkatu kuwa 'yar Tangale ce, Kirista. Mun haɗu a makarantar kwana ta 'yan mata, gadonta a sama, nawa a ƙasa. Ni na tsaya a alli da yara, ita ta yi ta gaba har ta zama malamar jami'a, tana koya wa masu karatun likita yadda aka gina jikin ɗan Adam. Gidanta yana unguwar Malam Inna. Ranar Kirsimeti kular shinkafarta da kaji ba ta taɓa fashin zuwa gidana ba, kuma saboda ni take kai kajin wurin mahauci Musulmi ya yanka. Ranar Babbar Sallah cinyar ragonmu tata ce, ko 'yan'uwana na ciki ɗaya sun san ba a taɓa ta.

Mahaifinta ciwon suga ya yi. Ƙafafunsa suka daina jin komai, har wata rana ya taka ƙusa a gona, ya yini da ita a tafin ƙafa bai sani ba, sai da aka ga jini a takalminsa. Ciwon ya ci, aka yanke ƙafar. Tun daga nan tambaya ɗaya ta zauna wa Rifkatu a rai: me ke kashe jijiyar da ke kai wa mutum labarin zafi? A kan wannan ta ɗora karatun digirinta na uku, kuma a kicin ɗina ta fi yin bitarsa. Ina tuƙa tuwo tana zuba mini bayani, ko ina so ko ba na so.

Ga abin da na riƙe daga bakinta. Tun jariri yana ciki, jiki yana ƙera ƙwayoyin jijiya fiye da waɗanda zai yi amfani da su. Kowace ƙwaya sai ta miƙa wani siririn zare zuwa inda aka nufe ta da aiki, ko fatar yatsa ko wata gaɓa. A can ƙarshen akwai wani sinadari mai raya jijiya, ɗan kaɗan ne, ba ya isar kowa. Wadda zarenta ya samu, saƙo zai biyo zaren ya dawo mata cewa ta zauna ta girma. Wadda ta rasa sai ta naɗe kanta ta mutu cikin tsari, jiki ya share wurin. Na ce mata ashe ragin gero ne, a zuba iri da yawa a rami, in ya tsiro a cire wasu. Ta ce na ci rabin maki.

Sauran rabin shi ne aikinta. Sinadarin nan ba ya yi wa ƙwaya magana haka kawai, sai ya sauka a kan makarɓi, wato abin da ke karɓarsa, kuma makarɓan iri biyu ne a jikinta. Sunayensu na boko haruffa ne da lambobi, TrkA da p75, sai da na yi wata guda kafin harshena ya iya su. Na farkon idan ya kama sinadarin, umarnin rayuwa yake bayarwa. Na biyun shi ne mai wuyar sha'ani. In yana tare da na farko sai ya taya shi riƙo, ƙwayar ta ƙara samun lafiya. In kuwa ya zama shi kaɗai ne a wurin, ko sinadarin ya zo masa ɗanye bai gama nuna ba, yana iya juyawa ya ce wa ƙwayar ta mutu. Rifkatu tana zargin cewa a jijiyar mai ciwon suga na farkon ne ke ja da baya, na biyun ya samu fili. Kullum sai ta ƙara da cewa zargi ne fa, sai an gani da ido.

Don ta gani da idon, ta yi shekara biyu tana kiwon ɓeraye a wani ɗaki, wasu masu ciwon suga, wasu lafiyayyu. Ni da ko jaba na gani a tsakar gida sai unguwa ta ji muryata, ita har suna take ba su. Daga ƙarshe ta cire jijiyoyin ƙafafunsu, ta yanka su siri-siri ta jera a kan gilasai. Abin da ya rage shi ne wani ruwa da ake ɗigawa a kai, wanda ke bin makarɓan nan ya rina su, a gan su a madubin da ke ƙara girman abu. Ba a samunsa a nan. Wata abokiyar karatunta ce ta aiko da shi daga ƙasar waje ta hannun wani mai dawowa gida, cikin ƙanƙara, bayan an fi shekara ana jira. 'Yan kwalabe shida ne, kowace ba ta kai ƙaramin yatsana ba, a cikin farin kwali irin mai riƙe sanyi. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada ya ji zafi.

Kun san wutar garin nan a wancan lokaci, ba sai na ɓata bakina ba. Ni kuwa ina sayar da ƙanƙara idan na taso daga makaranta, ina da babbar firiza da janareta, kuma duk layinmu an san firizata ba ta hutawa. Ranar da kwalin ya iso, Rifkatu ta hau keke mai ƙafa uku da shi a kan cinyarta ta kawo mini. Da hannunta ta naɗe shi da salatif, ta rubuta a kai da manyan baƙaƙe kada a taɓa, ta sa shi a can ƙasa.

"Balki," ta ce, "wahalar shekara huɗu ce a cikin kwalin nan."

"Haba, sai ka ce gidan baƙi kika kawo," na ce. "Kwantar da hankalinki."

Bayan mako uku Babbar Sallah ta zo. A shekarar maigidana ya yanka rago biyu, ya kuma shiga watandar sa da abokan aikinsa, sannan surukan babbar 'yata suka aiko da nasu don nuna bajinta. Nama har ya rasa wurin zama. Na soya, na rataye, na raba, amma ga saura nan a manyan robobi yana neman canza launi, ga zafin ƙarshen damina. Na buɗe firiza na kwashe ƙanƙara, wuri bai isa ba. Idona ya sauka a kan farin kwalin nan da ya tare kusurwa guda. Ba mantuwa na yi ba, ba kuma wani na sa ba. Na karanta rubutun da ke kai sarai. Na ce a raina ai kwalin da kansa yana riƙe sanyi, zuwa gobe na gama suya in mayar. Na kai shi sito, na ɗora masa ƙanƙara biyu, na rufe da buhu.

Gobe ta zo da baƙi, jibi da yawon gaisuwa. Da kaina na kai wa Rifkatu cinyarta har Malam Inna, muka zauna muka ci soyayye muna ta dariya, kuma wallahi ko sau ɗaya kwalin bai faɗo mini a rai ba. Sai a kwana na huɗu, da na shiga sito ɗaukar albasa, na taka ruwa. Siton nan rufin kwano ne, da rana ko minti biyar ba a iya yi a ciki. Na ɗaga buhun, na taɓa kwalin, ɗumi kamar burodin da aka fitar yanzu. Innalillahi. Na zauna a kan buhun masara. Sannan na tashi, na goge shi tas, na mayar da shi daidai inda yake, na jera nama a kansa.

Da ta zo ɗauka bayan kwana goma, kwalaben sun sake daskarewa, ba abin da ido zai gani. A bakin ƙofa ta tambaye ni ko an samu wata matsala da firizar, irin tambayar da mutum ke yi yana gyara gyale. Na ce tun ranar da ta sa shi ba wanda ya taɓa. Ina kallon cikin idonta na faɗa, da muryar nan tawa ta malamar aji.

Daga nan aiki ya ƙi. Ta ɗiga ruwan a kan gilasan farko, ba abin da ya fito. Ta sake, sai wani dishi-dishi da ba ya nuna komai. Ta canza ruwan wanki, ta canza tsawon lokaci, ta ari kayan aikin wani sashe, ta je har wani gari ta gwada a ɗakin gwajinsu. Kowane gwaji kuwa yana cin gilasai, gilasan nan kuma ba a sake samun su sai an sake kiwon ɓeraye shekara biyu. Wata bakwai tana wannan, tana ramewa a gabana, ina zuba mata abinci ina ce mata ta yi haƙuri. Ranar da gilashin ƙarshe ya tafi, ta zo kicin ɗina ta zauna a kan turmi, ta buɗe tafukan hannunta tana kallo. Ta ce, "Balki, ina ga hannun nan ne. Kaina ya gane abin, hannun ne bai iya ba."

A gaban malaman da ke duba aikinta ma haka ta faɗa, ba ta ɗora wa kowa ba. An ce wani daga cikinsu ya yi murmushi ya ce ba kowa aka yi don ɗakin gwaji ba, wasu allo ya fi dacewa da su. Maganar ta fito, ta zaga, ta zama abin da ake faɗa idan an ambaci sunanta. Ta ajiye digirin. Ta ci gaba da koyarwa, ɗalibanta suna son ta, amma ba ta ƙara yi mini zancen jijiya ba.

Za ku ce me ya hana ni magana. Na tambayi kaina wannan fiye da yadda za ku tambaye ni. A makon farko tsoro ne, da ɗan fatan ko zafin bai yi komai ba. Har na je wani kantin magani nesa da unguwarmu na yi tambaya a kaikaice, wai maganin wata maƙwabciya ne. Mai kantin ya ce irin wannan in ya kwana huɗu a zafi, a zubar kawai. To daga ranar ba ni da uzurin rashin sani. Da na faɗa a lokacin, fushi za ta yi, ta yi kuka, wataƙila ta yi wata ba ta taka gidana ba, amma gilasanta suna nan, sai a sake neman ruwan. Ina ganin haka ƙiri-ƙiri na yi gum, don kada a ce Bilkisu mai amana ta fifita naman sa a kan ƙawarta. Kowane gilashi da ya tafi kuma sai bakina ya ƙara nauyi. Kunya ce, ba wani abu ba, kuma kunyar banza.

Shekara huɗu bayan haka ta kwanta rashin lafiya, kwana goma sha biyu kacal. Ni nake kai mata kunun gyaɗa asibiti ina ba ta a cokali. Akwai wata la'asar da muka rage mu biyu a ɗakin, ta riƙe hannuna ta ce ba ta san abin da za ta saka mini da shi ba. Na buɗe baki, Allah shaida na buɗe, sai na ji ina tambayarta ko in ƙara mata matashi. A wurin jana'izarta a ƙauyensu, cikin dangi aka zaunar da ni, fasto ya nuna ni ya ce ga misalin aminci tsakanin Musulmi da Kirista. Na sunkuyar da kai, mutane suka ɗauka kuka ne kawai.

Yau idan na bi ta Malam Inna ina kallon rufin gidaje, faifan sola ko'ina, har mai shagon lemo yana da firizar da ba ruwanta da wutar gari. Sai in ce da yanzu ne, da Rifkatu ba ta buƙace ni ba sam, da kwalinta yana ɗakinta inda idonta ke kai. Na san abin da za ta yi in ta ga wannan zamani. Za ta yi tsaki ta ce an sauƙaƙa wa yaran yanzu, sannan ta ƙwace wayar ɗaya daga cikinsu ta zauna karanta duk abin da aka gano bayan tafiyarta, abinci ya huce a gabanta. An ce mini har yanzu masana suna bin makarɓan nan biyu, a ciwon suga, a ciwon mantuwa na tsufa, har da wajen neman maganin raɗaɗi. Ko zarginta daidai ne ko kuskure, ni ban isa in ce ba. Abin da na sani, tambayarta ba ta taɓa samun damar a amsa ta ba. Ni kaina yanzu sugan ya kama ni, kowace safiya sai na duba tafin ƙafata yadda ta koya mini.

Watan jiya, wata Asabar da hantsi, Saratu ta zo. Ita ce autar Rifkatu, tana sakandare uwar ta rasu, kusan a hannuna ta ƙarasa girma, Goggo take ce mini. Ta bi sawun uwarta a karatu, ta gama da sakamako mai kyau, an kuma ba ta gurbin ƙarin karatu a wani ɗakin gwaji da ke aiki a kan jijiya. Na fara guɗa, ta ce in dakata, ba za ta karɓa ba. Ashe wani tsohon malami da ya san uwarta ne ya tsokane ta a cikin mutane, ya ce Allah dai ya sa kan ta gado, ba hannun ba. Aka yi dariya, ita ma ta yi, ta koma gida ta kwana uku tana juya maganar.

"Goggo, Mama fa ta fi ni kai nesa ba kusa ba," ta ce. "In ita ta kasa, ni wace ce? Gara in nemi koyarwa tun ban ji kunya ba."

Sai ta ciro wani littafi mai baƙin bango daga jakarta, littafin aikin uwarta, ta ce in ga irin wahalar da ta sha. A shafin ƙarshe Rifkatu ta jera duk abin da take zargin ya ɓata aikin, ɗaya bayan ɗaya, da ƙananan rubutun nan nata. Ruwan wanki, ta gwada, ta soke. Wuƙar yanka, ta gwada, ta soke. Tsawon lokaci, zafin ɗaki, madubi, kowanne da bayanin gwajin da ta yi kafin ta ja masa layi. Can wajen tsakiya akwai firiza. Ita kaɗai ce babu gwaji a gefenta. Abin da ta rubuta kawai shi ne ta tambayi Balki, lafiya lau, ta soke. A ƙasan shafin saura abu ɗaya da ba a ja wa layi ba, kalma guda ce: ni.

Ban san lokacin da na fara magana ba. Na faɗa mata duka, tun daga watandar sa har zuwa sito, ban rage ko albasar ba. Na ɗauka za ta yi ihu ko ta zage ni, da ma ta yi. Ta kalli littafin, sannan ta ɗago.

"Kwana nawa?"

"Huɗu."

"A ƙarƙashin kwano?"

"A ƙarƙashin kwano."

"To ai ko wane ne ya ɗiga ruwan nan, ba abin da zai fito," ta ce a hankali, kamar da kanta take magana. Sai a lokacin hawaye suka zubo mata. "Shekara goma sha uku, Goggo. Kina zuba mana abinci."

Ban ce ta yafe mini ba, don ba ni da bakin roƙon. Ita ce ta ce abu biyu take so. Na farko, tunda a gaban mutane aka ɓata sunan uwarta, a gaban mutane za a gyara shi, ba a falona ba. Shi ne wannan da kuke karantawa. Saboda haka ga shi ina faɗa wa waɗanda suka zauna a kan aikinta, da waɗanda suka ji labari suka ƙara gishiri, da shi mai tsokanar marainiya a bainar jama'a, ya buɗe kunne da kyau. Hannun Rifkatu lafiyarsa lau. Lalataccen ruwa na miƙa mata, ta yi wata bakwai tana aiki da shi da ƙwarewar da ba kowa ke da ita ba. Mai son dariya ya zo ya yi da ni.

Idan na auna abin da ya rage nata, babu digirin, babu takarda mai ɗauke da sunanta a cikin na masana. Amma akwai likitoci a garin nan da suka bi ta ajinta, waɗanda ke cire wa mai ciwon suga takalmi su duba ƙafarsa tun bai yi ƙorafi ba, saboda ita ta dasa musu wannan. Littafin nan ma yana nan. Saratu ta ce duk mai son koyon yadda ake bin diddigin kuskure ya karanta shi, ni kuma na ce a raina kuskure ɗaya ne a ciki, yarda da ni. Ita Saratun, babanta ya gaya mini ta karɓi gurbin, ta tafi makon jiya. Ba ta zo sallama ba, ba ta ɗaga wayata, ban kuma ga laifinta ba. Allah ya sa Rifkatu ta huta, ya ba yarinyar nan abin da na hana uwarta.

Abu na biyu kuwa tun a ranar ta karɓa, kafin ta fita. Ta buɗe shafin ƙarshe ta ajiye a kan cinyata, ta miƙo mini biro.

"Layin ƙasan nan," ta ce. "Ba ni zan soke shi ba. Ke za ki soke."

Na ja layi a kan kalmar da Rifkatu ta rubuta. Na miƙa mata biron, ba ta karɓa ba, ta tsaya tana kallona. Sai na gane. Na rubuta sunana a ƙasa, cikakke, har da na mahaifina. Ta duba, ta rufe littafin, ta sa a jaka, ta tafi da shi.